Ranar da Yaya Ƙamus Ya Sa Ɗakin Inna a Ambulan

Ƙawata, matso kusa, ki ajiye abin da ke hannunki. Kin sha tambayata abin da ya sami labulen falona mai furanni, ina ta kauda zancen. Yau dai zan gaya miki. Allah ya yafe mini in akwai gulma a ciki, don mai labarin ɗan'uwana ne ciki ɗaya, kuma duk abin da za ki ji, ina son abina.

Kin san yayanmu, wanda unguwa ke kira Ƙamus. Ya yi aikin masinja a wani ofis har ya yi ritaya, ya fito da abu biyu: tsohon ƙamus na Turanci marar bango, wanda ɓera ya ɗanɗana wasu shafukansa, da kuma tabbacin cewa duk garin nan babu mai jin Turanci kamarsa. Ko atishawa kika yi a gabansa, kafin ya ce miki komai sai ya gaya miki sunanta da Turanci. Ni da na koyi karatu da kaina a littattafan yarana, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa ja da shi ba.

Mahaifiyarmu, Inna, ta tsufa, ɗakinta na tsohon gida kuma yana yoyo. Na daɗe ina roƙonta ta dawo wurina, autarmu da ke aure can nesa ita ma tana ja ta nata gefen. Da muka ishe ta, sai ta yanke hukunci: in ruwan farko ya sauka ɗakin da nake gina mata a tsakar gida ya kammala, za ta zauna da ni. In bai kammala ba, za ta tattara ta bi auta. Inna kuwa ba ta magana biyu. In ta tafi can, sai dai in riƙa jin muryarta a waya.

Gini ya tashi har sama. Kwano, katako, tagogi da ƙofa duk an saya, suna jingine a bayan kicin. Maigidana direban babbar mota ne, yana kan hanya. Babbar 'yata, wadda ta karanta aikin gini har muke kiranta Injiniya, ita ta zana ɗakin, amma tana can wani daji suna gina gada, inda waya ba ta shiga. Wata safiya sai ga saƙon murya daga gare ta:

"Umma, damina ta kusa. Ku fara gama embulof ɗin ɗakin, duk sauran aiki ya jira. Zan kira in na shigo gari."

Na saurara, na sake saurara. Na kunna wa magini, ya sosa kai ya ce shi bai san wannan ba, amma a bar shi ya ɗora kwano kawai. Ana cikin haka Yaya ya shigo shan shayi.

Ƙawata, kin ga yadda zakara ke miƙa wuya in ya ji an watsa hatsi? Haka ya yi. Ya ajiye kofi, ya ce a sake kunnawa. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai, sannan ya yi murmushin tausayi.

"Embulof. Ambulan ke nan. Ku ne kuka lalata kalmar da bakinku. Ni da na ɗauki ambulan a hannun nan har kanta ta fito mini, yau aiki ya zo gidan mai shi."

Magini ya ce shi dai ga hadari yana ɗan leƙowa da yamma, a bari ya hau. Yaya ya ɗaga masa yatsa, ya ce ai ya ji abin da mai ilimi ta faɗa: sauran aiki ya jira. Kwano kuwa sauran aiki ne. Magini ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Yaya ne.

Kafin azahar ya kwashe duk ambulan ɗin da ke kantin bakin titi, farare da masu ruwan ƙasa. Ya yi mana bayani cewa Turawa da takarda suke shafe bangonsu, kuma hikimar ambulan ita ce leɓe biyu gare shi, iska na zaune a tsakani, sanyi ba ya ratsawa. Ya sa na dama masa fulawa cikin bokiti, ya tattare hannun riga, ya shiga liƙa su a bango layi-layi.

Maƙwabcinmu mai aski, wanda shagonsa ke jikin katangarmu, shi da Yaya ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ya leƙo ta saman katanga da almakashi a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya cikin ladabi ko wane gari za a aika ɗakin, kuma wa zai sayi kan sarki.

Yaya bai ko juyo ba. "Kai dai ka tsaya a ƙeyar mutane. Abin da ke cikin kai ba fanninka ba ne."

Da aka kira la'asar suka tafi masallaci tare, suna tafe suna musu. Ni ina ɗaki ina salla. Ashe akuyar mai aski ta jiyo ƙamshin fulawa. Kafin su dawo ta cinye bango ɗaya daga ƙasa har inda wuyanta ya kai, ta miƙe da ƙafa biyu ta ƙara layi ɗaya. Yaya ya same ta da ambulan mai ruwan ƙasa a baki, tana kallonsa tana tauna a hankali. Ya ce sai an biya shi. Mai aski ya ce shi ne ma ya kamata ya kai ƙara, an ɗura wa akuyarsa wasiƙun da ba ta san na waye ba, kuma in ta wayi gari tana kuka da Turanci, to ta ƙwace wa Ƙamus sana'a.

Washegari Yaya ya zo da ƙamus a hammata. Ya zauna kan benci, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya lashi yatsa ya yi ta buɗe shafi. Ya nuna mini kalmar, na bi ta harafi-harafi: envelope. A ƙarƙashinta ga ƙananan rubutu cunkus. Ya ce laifin ba nasa ba ne, kalmar ce mai 'ya'ya da yawa, jiya ɗan farin kawai ya kama. Akwai wata ma'ana ta masu lissafi, ya karanta ta sau biyu, ya ce wannan ba tamu ba ce. Can sai ya rufe littafin, ya sassauta murya.

Wai akwai ma'anar da ba a rubutawa a littafi, sai wanda ya zauna a ofis ya san ta. Injiniya yarinya ce mai kunya, ba za ta faɗa a waya ba. Ambulan ɗin da take nufi shi ne wanda ake miƙa wa ma'aikaci a ƙarƙashin tebur. Na ce masa Yaya, mu ji tsoron Allah, ni ba na cikin wannan. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san yadda zai yi ba tare da zunubi ba.

An yi dace ma'aikacin da ke duba gine-gine ya zo aski ranar. Dattijo ne kamili. Yana fitowa daga shago, ga mutane zaune kan benci suna jiran layi, Yaya ya tare shi, ya kashe masa ido ɗaya, ya zura masa ambulan cikin aljihu. Mutumin ya zaro, ya buɗe, ya leƙa, ya juya shi ƙasa ya kaɗa. Ko ƙura ba ta faɗo ba.

"Malam, wannan fa?"

"An ce a ba ka ambulan," in ji Yaya. "Ba a ce a sa komai a ciki ba."

Dattijon ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa karɓar na kowa ba, amma yau ne aka fara zaginsa sau biyu a takarda ɗaya. Don ya huce, ya ce a nuna masa ginin da ake son rufe masa baki a kai. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce gini lafiya lau, a dai yi sauri a rufe shi kafin ruwa. Yana fita Yaya ya juyo gare ni fuska cike da annuri, ya ce na gani ko? Ambulan ya yi aiki, ga shi an ce gini lafiya lau.

Kashegari kuma ya gano a littafin cewa ƙwayar cuta ma tana da wata riga da ake kira da wannan sunan. To ashe kashe ƙwayoyin cuta Injiniya ke nufi. Ya tara tsumma da busasshen barkono a tsakiyar ɗakin ya cinna wuta. Ɗakin da ba rufi, ina hayaƙi zai tsaya? Ya haura katanga ya faɗa shagon aski. Wani bawan Allah ya fito a guje da rabin kai a aske, ƙyalle ɗaure a wuya, yana tari yana hawaye. Mai aski ya biyo shi da aska yana cewa ya dawo a ƙarasa, hakan ya sa mutumin ya ƙara gudu.

A ranar Inna ta zo ganin aiki. Ta tsaya bakin ɗakin tana dogara sanda, ta kalli bango mai guntayen takarda da baƙin hayaƙi, ta ɗaga kai ta kalli sama inda rufi ya kamata ya kasance. Sai da ta zauna ta sha ruwa, ta tambaye ni ko har yanzu motar garin auta da safe take tashi.

Na kira Injiniya har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Na yi alwala na kai kukana inda nake kaiwa kullum. Sannan na sami Yaya na durƙusa, na ce don Allah a bar magini ya ɗora kwano, in ya so a yi ambulan daga baya. Ya girgiza kai, ya ce in aka saɓa tsarin mai ilimi, rufi ya rufto kan Inna tana barci, wa zai ɗauki alhaki? Ni? Da ya faɗi haka sai na tashi na bar shi.

Ya ce in daina damuwa, yanzu ya kama uwar ma'anonin. Ya karanta mini yana fassarawa: abin da ya lulluɓe wani abu gaba ɗaya. A ƙasa kuma: jakar yadin da ke riƙe iska a babban balan-balan, irin mai ɗaukar mutane sama. Ya haɗa biyun ya buga cinya. Yadi ne, lulluɓi ne. Ɗakin za a sa a cikin ambulan, dungurungum.

Kin san ɗinki ne sana'ata. Na zauna kan keke, ya yi ta kawo mini kaya ina haɗawa: zannuwan gado, tsohon tamfol na maigida, buhunan fulawa, sai da yadi ya gaza ya shiga falo ya sauke labulena mai furanni. Ya tsaya a kaina sai da na yi wa abin leɓe mai kusurwa uku a wajen ƙofa, wai ambulan marar leɓe buhu ne. Ina taka keke ina istigfari, ban san ko na dariyar da nake dannewa ba ne ko na labulen.

Ranar ɗorawa ya bi gida-gida ya gayyato unguwa. Magini ya taimaka aka ja abin bisa bango, yana ja yana ƙunƙuni. Da aka gama, ƙawata, ɗakin ya koma kamar giwa ta yafa zane. Yaya ya sa aka shigar da gadon Inna da katifarta, ya riƙo hannunta da kansa ya ɗaga leɓen ya zaunar da ita a ciki. Inna ta shiga ba musu, tasbaha a hannu, da wani dogon abu naɗe a ƙarƙashin mayafinta.

An kafa turaku uku an ɗaure kusurwa uku. Turke na huɗu ya ɓace. Yaya ya ce ba komai, ya ɗaure igiyar kusurwa ta huɗu a ƙugunsa don hannayensa su sami damar yin nuni, ya hau kan bulo ya fara jawabi. Ya ce yau unguwar nan ta shiga zamani. Ya ce masu dariya su buɗe ido, nan gaba har daga wasu garuruwa za a zo koyon wannan fasaha, kuma ba zai ɓoye ilimi ba, har mai aski zai koya wa in ya nemi afuwa.

Gabas ta riga ta yi baƙi. Iska ta fara kaɗa leɓen, ta sami hanya ta shige. Rufin yadi ya ɗan tashi, ya kwanta, ya sake tashi, bai kuma kwanta ba.

"Ƙamus," in ji mai aski, "wasiƙarka tana kumbura."

Yaya ya waiga, ya ce ai haka littafi ya faɗa, riƙe iska shi ne aikinta, jama'a su shaida. Bai rufe baki ba turke na farko ya tsinke. Na biyu ya bi shi. Na uku ya fito da ƙasarsa. Abin nan ya tashi sama gaba ɗaya, ya cika ya yi tim, furannin labulena suna sheƙi a tsakiya, babu abin da ya riƙe shi a duniya sai ƙugun yayana.

Da farko tafiya ya yi, irin ta mai sauri, yana cewa a kwantar da hankali. Sai ya koma gudu da baya. Sai na ga takalmansa a ƙasa babu kowa a ciki. Magini ya yi tsalle ya cafko ƙafar wando, wandon ya ce ga ni nan, ya biyo hannunsa har gwiwa, dole ya saki don mutunci. Yaya ya haura katanga yana salati da Hausa tsantsa, ko kalmar Turanci ɗaya ban ji ba. Allah ya taimaka, bishiyar mangwaron mai aski ta tare ambulan ɗin. Yaya ya tsaya yana lilo a reshe, daidai saman turken akuya. Ta ɗaga kai ta gane shi, ta kama bakin buhun fulawa da ya sauko ta fara ci.

Sannan ruwa ya kece.

Na ruga ɗakin Inna. Na same ta zaune daram a tsakiyar gado, sama buɗe a kanta, ta buɗe lemar da ta ɓoyo a mayafi, tana jan tasbaharta. Ta ce mini ita ta haife shi, ta san ba a shiga aikinsa ba lema.

Aka sauko da shi da tsani, aka naɗe shi a guntun labulena, aka taru a falo ana ɗiga. Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Injiniya ce, ruwa ya tsayar musu da aiki sun shigo gari. Na danna ta yadda kowa zai ji.

"Umma, ina fata an ɗora kwanon, an sa tagogi da ƙofa?"

Na ce a'a, ai ta ce a fara gama ambulan.

Ta ce ai shi ne ambulan ɗin. A wurin masu gini, bango da rufi da tagogi da ƙofa, duk abin da ya raba cikin ɗaki da waje, sunansa ke nan. Fenti da daɓe da wayar lantarki su ne sauran aikin da ta ce su jira. Ta ba ni haƙuri, ta ce bakinta ne ya saba da yaren wurin aiki. Ta tambaya me aka yi duk kwanakin nan, ba Kawu yana nan ba?

Daga falo muna jiyo ƙarar ruwa a kan kwanon da ke jingine bayan kicin. Yaya ya gyara labule a kafaɗa, ya yi gyaran murya, ya ce ai wannan ma'anar ya san ta sarai, tana shafin da ɓera ya cinye ne. Mai aski ya ce to a nemo ɓeran a ba shi kwangila.

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ruwan farko ya sauka, ɗaki babu rufi, katifa ta jiƙe sharkaf. Na je gaban Inna na durƙusa, na ce, "Inna, ruwa ya sauka."

Ta ce ta gani, ai a kanta ya sauka. Ta daɗe tana kallon ɗanta, mai furfura a gemu, naɗe cikin furanni, ganyen mangwaro maƙale a kunne, yana ƙoƙarin shanya ƙamus shafi-shafi a kan gwiwa. Ta ja numfashi.

"Kira mini auta, ki ce ta yi haƙuri. Ita ta girma. Wannan ne ashe renonsa bai ƙare ba, ba zan tafi in bar miki shi ke kaɗai ba."

Tun da nake, ranar na fara jin Inna ta yi magana biyu. Na kifa kai a cinyarta ina kuka ina dariya ina hamdala.

Da gari ya waye maza suka taya magini, aka ɗora kwano, aka sa tagogi da ƙofa. Yaya ya tsaya a ƙasa hannu a baya, yana gaya wa masu wucewa cewa wannan da suke gani embulof ake ce masa, ba kowa ya sani ba. Inna tana ɗakinta yanzu, kullum da safe sai ya zo gaishe ta, ta tambaye shi abin da yake shirin yi yau, ta ce kada ya yi.

To, kin ji inda labulena ya tafi. Rabinsa yana kan mangwaro, rabi a cikin akuya. Amma don Allah, ƙawata, ya tsaya tsakaninmu. Na san unguwa duk ta gani, sai dai shi Yaya yana ganin an manta, kuma na yi masa alkawari ba za a ji daga bakina ba. Ki lashi bakinki ki liƙe, kamar yadda ake liƙe wancan abin da muka daina kiran sunansa a gidan nan.